Gwanin Shekara a Kannywood: Wa Ke Zaɓe, da Wane Ma'auni?

Da zarar Disamba ta kama, jaridu da shafukan intanet sai su shiga fitar da jerin fina-finan Hausa da suka ce sun ciri tuta a shekara. Gardamar tsohuwa ce. Tun 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, masu kallo ke musun wane fim ne gwani. Sai dai a wancan zamani musun yana da iyaka. Fim yakan fito a kaset, kashi ɗaya ko biyu, a kalle shi a gama, sannan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su san yawan abin da suka sayar. Da haka Sangaya da Wasila suka yi suna.

Yau shi kansa "fim ɗin shekara" ya zama abin tambaya. Izzar So na Lawan Ahmad yana fita a tashar Bakori TV ta YouTube tun 2020, Labarina na Aminu Saira ma a shekarar ya fara, ga kuma Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24. Shiri mai dogon zango ba ya ƙarewa da ƙarewar shekara. Zango ɗaya yakan yi armashi, na gaba ya yi ta jan labari ba gaira ba dalili. Duk da haka masu jeri kan rubuta sunan shirin kawai, ba su faɗi zangon da suke nufi ba.

Babbar matsalar tana wajen ma'auni. Yawancin jerin nan alƙaluman YouTube suke dubawa, ko cikar sinima a Kano. To, mai kallo a Dutsin-Ma ko Kurfi fa? Ban da ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Isa Kaita da ke iya sayen data jefi-jefi, da yawan mutane wajen masu tura fim suke zuwa. Mai shago ya sauke shirin sau ɗaya, ya tura wa mutane a waya ko a memori kan kuɗi kaɗan, su kuma su kai gida, uwargida da amarya da yara da maƙwabta duk su kalla. YouTube kallo ɗaya tak ya ƙirga. A Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, yankin gaba ɗaya ya ɓace daga wannan lissafi na tsawon watanni, alhali fim ɗin da ke cikin memori ba ya buƙatar sabis.

A shagunan nan ne kuma za ka ga abin da masu jeri ke kawar da kai daga gare shi: fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita, suna gogayya da na gida kafaɗa da kafaɗa. Abin da ciwo, amma ɓoye shi ba zai gyara Kannywood ba.

Akwai kuma akasin haka. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024. Hakan abin alfahari ne ga Jihar Katsina. Amma shiga jeri saboda an ji sunansa a labarai daban, an zauna an kalle shi daban. Mai jeri ya kamata ya faɗa mana ko ya gani da idonsa.

A ganina, jerin da ya cancanci karantawa shi ne na mutum ɗaya mai son fim da gaske, wanda zai ce ga nawa zaɓin, ga kuma dalilina: a nan labari ya tsaya da ƙafarsa, a nan Hausar jaruman ta fita tsaf, a can waƙa ta shigo ta ɓata tafiya. Irin wannan ana iya musu da shi, kuma daga musun ne marubuta da daraktoci ke ƙaruwa. Wanda kuwa yake son ya gaya mana abin da jama'a suka fi kallo, to ya bar Kano na yini ɗaya, ya zo Dutsin-Ma ya tambayi masu tura fim.