Sandar zamani ta kashe fargaba a tsofaffin filayen golf

A gasar US Open ta 2020 a filin Winged Foot na Amurka, Bryson DeChambeau ya yi abin da a da ake ɗauka ganganci ne. Cikin bugun farko 56, sau 23 kacal ƙwallonsa ta sauka a tsakiyar fili mai gajeriyar ciyawa. Duk da haka ya lashe gasar da ratar bugu 6. Dabararsa ita ce a maka ƙwallo iya nisa, ko ta faɗa doguwar ciyawa ba komai, tunda ta riga ta kusa rami. A ganina wannan nasara ta fallasa matsalar da ta daɗe tana cin wasan.

Tsofaffin filaye an zana su ne kamar jarrabawa. Mai zanen ya auna inda ƙwallon gwani za ta sauka, ya haƙa ramin yashi ko ya bar rafi a daidai wurin. Sai ɗan wasa ya zaɓa: ya yi kasada, ko ya bi hanya mai tsawo. A 1980 matsakaicin nisan bugun farko a gasannin PGA Tour wajen yadi 257 ne, a 2023 kuwa ya kusa 300. Tarkon yana nan inda aka ajiye shi, ƙwallo ce take wucewa ta samansa.

Me ya canza? Na farko ƙwallon kanta. Ta da zaren roba ne aka nannaɗe, tana juyawa da yawa a iska, kuma juyawar nan tana rage nisa, tana ƙara karkata. A 2000 Titleist ta fito da Pro V1 mai dunƙulalliyar zuciya da ɓawo hawa-hawa: ba ta juyawa sosai in an buga da babbar sanda, amma tana kama ƙasa in an buga daga kusa. Na biyu kan sanda. Na katako bai kai rabin girman na yau ba, wanda ake yi da ƙarfen titaniyom mara nauyi har girmansa ya kai santimita kubik 460. Da yake an baza nauyin zuwa gefe-gefe, kan ba ya murɗewa sosai ko da ba a sami ƙwallo a tsakiya ba. Ma'ana kuskure ya yi arha, kowa sai ya buga da iya ƙarfinsa.

Gaskiya ne 'yan wasan yau sun fi motsa jiki, suna kuma da na'urorin auna bugu. Amma ƙarfin nan bai zama riba ba sai da sanda ta daina hukunta mai kuskure.

Maganin da filaye suka kama shi ne ƙara tsawo. Augusta National, gidan gasar Masters, yadi 6,925 ne lokacin da Tiger Woods ya ci a 1997, yanzu ya haura 7,500. Sai da suka sayi fili a hannun maƙwabta kafin su ƙara wa rami na 13 yadi 35 a 2023. A St Andrews na Sikotilan kuwa, a 2010 an mayar da wurin bugun farko na rami na 17 waje da tsohuwar iyakar filin. To filin da ba shi da kuɗi ko wurin faɗaɗawa fa? Kuma kowane ƙarin yadi ƙarin ruwa ne da taki da aikin yankan ciyawa.

A Disamba 2023 hukumomin dokokin wasan, USGA da R&A, suka sanar da sabon tsarin gwajin ƙwallo, wanda suka ƙiyasta zai rage wa masu dogon bugu yadi 13 zuwa 15. Mataki ne mai kyau, amma ya yi kaɗan, kuma ya bar babban kan sanda yadda yake. In har ƙwararre zai iya kuskuren tsakiyar sanda ƙwallo ta tafi kusan daidai, to fargabar da aka gina waɗannan filaye a kanta ba za ta dawo ba. Kamata ya yi a rage girman kan sanda a gasannin ƙwararru, a bar wa masu wasan nishaɗi nasu.