Sarauniyar Chittor Tsakanin Waƙa da Fim: Tarke a kan Padmaavat

A ranar 25 ga Janairu, 2018 aka fara nuna fim ɗin Padmaavat a gidajen sinima na Indiya, bayan an shafe shekara guda ana tarzoma a kansa. Sanjay Leela Bhansali ne ya ba da umarni, Deepika Padukone ta fito a matsayin sarauniya, Shahid Kapoor mijinta, Ranveer Singh kuma Sarkin Delhi, Ala'uddin Khalji. Masu kallo a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin finafinan Indiya na sarakuna da mayaƙa, tun zamanin gidajen sinima na Kano da Zariya har zuwa yau da ake juya su zuwa Hausa, amma rigimar da ke bayan irin waɗannan finafinai ba kasafai takan iso gare su ba. A wannan maƙala za a auna fim ɗin da waƙar da ya ce daga gare ta ya samo labarinsa, domin a ga abin da aka ɗebe, da abin da aka ƙara, da kuma wanda ƙarin ya amfana.

Abin da tarihi ya tabbatar bai da yawa. Ala'uddin ya hau gadon sarautar Delhi a 1296 bayan ya kashe baffansa Jalaluddin, ya kuma yi mulki har 1316. A 1303 ya yi wa ganuwar Chittor ƙawanya na kimanin wata takwas, ya ci garin, ya sauya masa suna zuwa Khizrabad don ɗansa Khizr Khan. Sha'irin fadarsa, Amir Khusrau, yana cikin rundunar, ya kuma rubuta labarin yaƙin a littafinsa Khaza'in al-Futuh. Ya ce an kashe mutum 30,000 bayan cin garin, saboda haka ba za a ce yana ɓoye ta'asar ubangidansa ba. Amma bai ambaci wata sarauniya Padmini ba. Bai kuma ambaci jauhar a Chittor ba, wato al'adar da matan fada kan faɗa wuta gaba ɗaya idan gari zai faɗa hannun abokan gaba, alhali ya ambaci irin wannan a yaƙin Ranthambor na 1301. Shi ma Ziya'uddin Barani, marubucin tarihin sarakunan Delhi a wannan ƙarni, bai kawo zancenta ba.

Sai da aka yi shekara 237 sannan sunanta ya bayyana, kuma a bakin Musulmi. Malik Muhammad Jayasi, wani sufi mutumin garin Jais a jihar Uttar Pradesh ta yau, ya tsara waƙar Padmavat a 1540 cikin harshen Awadhi. Mabuɗin waƙar ba zai zama baƙo ga manazarcin rubutattun waƙoƙin Hausa ba: yabon Ubangiji, da salati ga Annabi (SAW), da ambaton halifofi huɗu, sannan yabon sarkin zamani, Sher Shah Suri, da shehunnan sha'irin. Bayan haka ne labarin ya soma. Padmavati 'yar sarkin tsibirin Sinhal ce, tana da aku mai ilimi ana kiransa Hiraman. Ƙaddara ta kai akun hannun Ratansen, sarkin Chittor, ya kuma siffanta masa kyawunta har sarki ya suma don bege. Ratansen ya bar sarauta da matarsa Nagmati, ya sa tufafin masu gudun duniya, ya ƙetare tekuna bakwai da mabiya 16,000 kafin ya same ta. Wannan tafiya, da kukan Nagmati wata-wata na tsawon shekara tana jiran miji, su ne ƙashin bayan waƙar. Ala'uddin bai shigo ba sai da labari ya yi nisa sosai, bayan wani malamin fada mai suna Raghav Chetan, wanda Ratansen ya kora, ya je Delhi ya kai masa labarin sarauniyar.

Duk wanda ya san hikayoyin soyayya na sufaye zai gane abin da sha'irin ke nufi. Aku shi ne shehi mai shiryarwa, tafiyar ita ce suluki, kyawun Padmavati kuwa inuwa ce ta kyawun da ba a gani da ido. Akwai wani baiti a ƙarshen wasu kwafe-kwafen waƙar da ya warware wannan kinaya dalla-dalla, ko da yake masu tace matanin da dama suna ganin ƙari ne daga hannun masu kwafa. Ko babu shi, zubin waƙar ya isa hujja. Mutum biyu ne suka ji labarin mace ɗaya ta bakin wani, ɗaya ya neme ta da barin mulki, ɗaya ya neme ta da ƙarfin mulki. Na biyun bai ga komai ba sai surarta a madubi, da ya shiga garin kuma toka ya tarar. Abu mai muhimmanci a nan shi ne, a waƙar Jayasi ba Ala'uddin ne ya kashe Ratansen ba. Devpal ne, sarkin Kumbhalner, Barajpute ɗan'uwansa, wanda ya aika wa Padmavati 'yar aike yana neman ta a lokacin da mijinta ke tsare a Delhi.

Daga nan labarin ya yi ta sauya riga gwargwadon mai ba da shi, kamar yadda Ramya Sreenivasan ta bi diddigi a littafinta na 2007. A 1589 Hemratan, wani malamin addinin Jain, ya sake tsara shi a Rajastan, ya mai da hankali ga jarumai biyu, Gora da Badal, waɗanda suka ɓoye mayaƙa cikin akwatunan ɗaukar mata suka kuɓutar da sarki. Jigonsa biyayyar bara ga ubangida ne. A ƙarni na 17 Alaol, shi ma Musulmi, ya juya waƙar Jayasi zuwa harshen Bengali a fadar Arakan. Babban juyi ya zo ne da James Tod, wakilin kamfanin Ingila a masarautun Rajput daga 1818 zuwa 1822, wanda ya buga Annals and Antiquities of Rajasthan a 1829 da 1832. Tod ya tattara abin da maroƙan fada da masu riƙe da salsalar sarakuna suka gaya masa, ya jera shi a matsayin tarihi, ya kuma zana Rajputawa a matsayin jaruman da suka tsaya wa ƙasarsu a gaban mahara Musulmi. Ko sunan mijin sarauniyar a wurinsa daban ne, Bhimsi ya kira shi. Daga Tod ne marubutan Bengal suka ɗauka, irin su Rangalal Bandyopadhyay a Padmini Upakhyan ta 1858. Su da Turawa suke, amma da yake ba a iya fitowa fili a faɗa, sai Ala'uddin ya tsaya a madadin baƙon mai mulki. Turawa sun tafi a 1947, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi.

To, fim ɗin Bhansali ya sanar a farkonsa cewa a kan waƙar Jayasi ya dogara, amma mai kallo da ya san waƙar zai ga jikan Tod ne. Babu aku, babu barin sarauta, babu tekuna bakwai. Ratan Singh ya je Sinhal neman lu'ulu'u, gimbiya ta harbe shi da kibiya bisa kuskure tana farauta, soyayya ta ƙullu. Nagmati, wadda ta fi kowa murya a waƙar, ta koma kishiya mai 'yan kalmomi. Devpal kuwa an share shi ɗungurungum, kuma wannan ne ɗebewar da ta fi kowace nauyi, domin muddin yana cikin labarin ba za a iya raba duniya gida biyu ba, Rajputawa masu amana da Musulmi maciya amana. A maimakonsa, an sa Ratan Singh ya kara da Ala'uddin gaba da gaba, yana dab da rinjaye sai Malik Kafur ya harbe shi da kibiyoyi ta baya.

Dubi kuma yadda aka raba haske da launi. Fadar Chittor cike take da fitilu da ruwa da fararen tufafi, kowa na magana a natse kan mutunci da ƙa'ida. Sansanin Ala'uddin duhu ne da baƙaƙen tutoci, sarki da gashi buya-buya da tabo a fuska, sanye da fatun namun daji, yana yagar nama da haƙora. Ba ana cewa Ala'uddin mutumin kirki ba ne; wanda ya kashe baffansa don sarauta ba ya bukatar mai wanke shi. Amma shi ne sarkin da ya kore hare-haren Mongol daga Delhi sau da dama, ya kuma kafa dokar ƙayyade farashin hatsi da tufafi da dawaki a kasuwannin birnin, fadarsa kuwa ta harshen Farisa ce da sha'irai irin su Khusrau. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin wannan ya shiga fim ɗin. A gaskiya Ranveer Singh ya taka rawarsa da ƙwarewa, har ya zamana shi kaɗai ne mai rai a fim ɗin, Ratan Singh kuwa kamar gunki ne mai jero karin magana. Wannan nasara ta ɗan wasa ita ce ta ƙara wa ɓarnar ƙarfi. Hukumar tace finafinai ta Malesiya ta hana nuna fim ɗin saboda yadda ya siffanta sarki Musulmi.

Abin mamaki shi ne, waɗanda suka tayar da ƙura a Indiya su ne waɗanda fim ɗin ya wasa. A Janairun 2017 'yan ƙungiyar Karni Sena ta Rajputawa suka auka wa wurin ɗaukar fim a ganuwar Jaigarh da ke Jaipur, suka mari Bhansali, bisa jita-jitar cewa akwai wurin da Ala'uddin ke mafarkin yana tare da sarauniya. Babu wannan a fim ɗin. Duk da haka wani jami'in jam'iyyar BJP a jihar Haryana ya sa ladan rupi miliyan 100 a kan kawunan Bhansali da Deepika, aka ɗage fitowar fim ɗin daga 1 ga Disamba, 2017, aka sauya sunansa daga Padmavati zuwa Padmaavat, aka kuma rufe cikin tauraruwar da na'ura a rawar Ghoomar, wai sarauniyar Rajput ba ta rawa da ciki a buɗe. Jihohi huɗu sun hana nuna shi sai da Kotun Ƙoli ta soke hanin a 18 ga Janairu, 2018. Kwana ɗaya kafin fitowarsa aka jefi motar 'yan makaranta a Gurugram.

Ba za a fahimci wannan ba sai an dubi halin da Rajputawa suka shiga bayan 'yancin kai. Al'ummar Indiya ta kasu rukuni-rukuni na gado da ake kira jati, mutum yana haihuwa cikin rukuninsa, a cikinsa kuma yake aure. Rajputawa suna ɗaukar kansu rukunin sarauta da yaƙi. Dirk Kolff ya nuna a littafinsa na 1990 cewa kafin ƙarni na 16 sunan Rajput buɗaɗɗe ne, duk mayaƙin da ya sami doki da ƙasa yana iya shiga, sai a zamanin Mughal ne aka rufe ƙofa da salsala. Turawa kuma bayan tawayen 1857 suka sa su cikin abin da suka kira jinsunan mayaƙa, waɗanda ake ɗiba aikin soja. Amma a 1952 dokar Rajastan ta karɓe gandayen hakimai, a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake ba sarakuna, a 1990 aka keɓe kashi 27 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya ga rukunonin da aka bari a baya, a 1999 kuma Jatawan Rajastan, manoman da a da suke noma ƙasar hakiman Rajput, suka shiga wannan kaso. An kafa Karni Sena a 2006, neman kason aiki yana cikin manyan buƙatunta. Ƙasa ta tafi, sarauta ta tafi, abin da ya saura a hannu shi ne labarin kakanni, labarin kuwa an rataya shi a kan tsarkin mace. Shi ya sa ko inuwar zato ba a yarda ta taɓa ta ba.

A nan ne ƙarshen fim ɗin ya fi damun mai tarke. Bhansali ya ba jauhar mintuna masu yawa: ɗaruruwan mata cikin jajayen tufafi suna gangarawa zuwa wuta da kiɗa mai tashi, a cikinsu har da mai ciki da ƙaramar yarinya. A wurin Jayasi tokar hujja ce a kan wautar mai neman mallaka da ƙarfi. A wurin Bhansali wutar nasara ce. Ba kuma tsohon zance ba ne a Rajastan, domin a 1987 aka ƙone Roop Kanwar, 'yar shekara 18, tare da gawar mijinta a ƙauyen Deorala, dubban Rajputawa suka yi zanga-zangar kare al'adar, har majalisa ta kafa dokar da ta haramta ɗaukaka ta. 'Yar wasa Swara Bhasker ta rubuta wa Bhansali buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan wannan, kuma tana da gaskiya.

Rabon da fim ɗin ya yi wa tarihi bisa addini ba ya jure bincike ko a Rajastan ɗin kanta. A yaƙin Haldighati na 1576, wanda ake kafa hujja da shi a kan tsayuwar Rana Pratap na Mewar a gaban Akbar, jagoran rundunar Mughal Barajpute ne, Man Singh na Amber, mai jan gaban rundunar Pratap kuma Musulmi ne, Hakim Khan Sur. Idan kuma babu Musulmi a kusa, rigimar takan koma cikin gida. A Satumbar 2021 babban ministan Uttar Pradesh, Yogi Adityanath, ya je garin Dadri buɗe mutum-mutumin Mihir Bhoj, sarkin Kannauj na ƙarni na 9. Gurjarawa suka ce kakansu ne, Rajputawa suka ce nasu ne, dukkansu kuwa Hindu ne masu ƙuri'a. Kafin a yaye ƙyalle sai aka tarar an shafe kalmar Gurjar daga allon da ke gindin mutum-mutumin, bayan 'yan kwanaki kuma Gurjarawa suka je suka mayar da ita.