Wa ya ƙara wa Ibro ƙiba?

Duk wanda ya leƙa wurin masu tura fina-finai a waya a kasuwar Karu, ko ya buɗe YouTube yana neman tsofaffin fina-finan Hausa, zai tarar da wani abu da idonmu ya fara sabawa da shi: mutanen cikin fim duk sun koma gajeru masu faɗi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda kowa ya san ba mai jiki ba ne, sai ka gan shi kamar an hura shi. Faranti ya koma kamar ƙwai, tayar babur ta baje. Allah ya jiƙan Ibro, tun 2014 ya bar duniya. Wannan ƙibar mai tace hoto ne ya ɗora masa.

Fina-finanmu na farko, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa su Sangaya da Wasila, an ɗauke su ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ma'aunin allonta 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku. Haka ma wasannin Samanja da Karkuzu. Filasmar da ke ɗakunanmu yau kuwa 16:9 ce. In aka ɗora tsohon hoto a sabon allo yadda yake, dole baƙin fili ya rage a dama da hagu. A allo mai faɗin ɗigo 1920, hoton 1440 zai ci, a bar 240 a kowane gefe. Wannan baƙin filin ba cuta ba ne, alama ce ta cewa ba a taɓa hoton ba.

To amma yawancin editocinmu ba sa son ganinsa. Wasu sai su kama hoton su ja shi gefe da gefe har ya cika allo, faɗin kowa ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari. Wasu kuma, masu ganin sun fi wayo, sai su zuƙo hoton gaba ɗaya. Fuska ba ta baje ba, gaskiya ne, amma kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ya tafi. Me ke sama? Hula da rawani da ɗaurin ɗankwali. Me ke ƙasa? Fassarar Turancin da maƙwabtanmu Gbagyi da Inyamurai da Yarabawa ke bi su gane labarin. A gari irin Karu, inda za ka ga wanda ba ya jin Hausa sosai ya zauna ana kallo tare, yanke wannan rubutun ba ƙaramar asara ba ce.

Su Labarina da Izzar So ba su da wannan matsalar a filasma, don da faɗi aka ɗauke su tun asali. Tasu masifar a TikTok take. Allon waya a tsaye 9:16 ne, kuma in ka yanko hoto mai faɗi don ya cika shi, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Shi ya sa kake ganin guntun fim ana ta musayar yawu, amma mutum ɗaya ne a allo yana yi wa bango faɗa. Akwai kuma sabon yayi na manna baƙaƙen layuka sama da ƙasa a hoton da ba don silima aka ɗauka ba, wai don ya yi kama da fim ɗin Amurka. Su can Amurkan, bayan da aka fito da CinemaScope a 1953 gidajen talabijin sun riƙa datse gefunan fina-finai, daraktoci irin su Martin Scorsese suka daɗe suna ƙorafi a kai. Mu kuma da hannunmu muke datsewa don kwalliya.

Ba za mu ɗora wa edita laifin duka ba. Mai biki ne zai dawo da faifai yana faɗa, wai "hoton bai cika ba, an cuce ni." Yaron da ke neman na abinci da CapCut ko Premiere, me zai yi? Sai ya ja. Wani lokacin ma aikin lafiya lau yake, talabijin ɗin gida ce aka saita ta riƙa baje komai, kuma maɓalli ɗaya a rimot zai gyara. Dabarar cike gefe da dusasshen hoto kuwa, ba mu ce tana da kyau ba, ido na gajiya da ita, amma dai ta bar wa mutane surarsu.

Inda abin ya fi damunmu ba fim ɗin Kano ba ne. Gidaje da yawa a unguwar nan suna da kaset ko faifai na ɗaurin aure, da saukar Alƙur'ani, da naɗin sarauta, da hawan Sallar da aka je gida Zazzau ko Katsina aka ɗauko. A ciki akwai dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, kuma wasu ba su bar wani hoto mai motsi ba sai wannan. Yanzu ana kai su shago a juye a filashi, daga nan a jefar da kaset ɗin ko a bar shi damina ta cinye. In jan hoton aka yi, da sauƙi, wanda ya iya zai mayar da shi daidai. In zuƙowa aka yi aka yanke, shi ke nan. Kawu da ke zaune a gefen tabarma, da rawanin liman, babu manhajar da za ta dawo da su.

Don haka wanda zai kai kaset juyi, ya faɗa wa mai shago tun kafin a yi ciniki cewa a bar shi a 4:3, da baƙin gefensa. In ana son na turawa a WhatsApp, a yi kwafi na biyu daban. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka, ka nemi wani abu mai da'ira a ciki, agogon bango ko tire ko tayar mota. In ya yi kama da ƙwai, a sake. Kuma kada a yar da kaset ɗin sai an kalli juyin daga farko har ƙarshe.