Tangaran na Jingdezhen: Abin da Baƙo Yake Gani da Abin da Yake Wuce Shi

Baƙin da aiki ko karatu ya zaunar da su a Shanghai da Beijing sun ɗauki wata al'ada. Da hutu ya zo sai su hau jirgin ƙasa zuwa Jingdezhen a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, su kwana biyu, su taɓa yumɓu, su sayo kofunan shayi. An ce gani ya kori ji, amma ya kamata a bincika ko wannan gajeriyar ziyara tana nuna sana'ar yadda take.

Garin ya samo sunansa a 1004, zamanin Sarki Zhenzong na daular Song. Abubuwa ne suka haɗu suka ɗaukaka shi: farar ƙasa daga ƙauyen Gaoling, wani dutse da ake dakawa a cuɗa da ita, itacen gashi daga tsaunukan kewaye, da kogin Chang na fitar da kaya. Idan aka gasa wannan haɗi a zafin da ya kai kusan digiri 1,300, sai ya fito fari tas, yana ƙara in an ƙwanƙwasa. A zamanin daular Yuan aka fara yi masa zanen shuɗi da sinadarin kobalt, wanda ake kawowa daga Farisa. Wasu tuluna biyu masu ɗauke da shekarar 1351 suna gidan tarihin Birtaniya a Landan, shaida ce ta wannan zamani.

Ƙashin bayan sana'ar shi ne rabon aiki. Wani masani, Song Yingxing, ya rubuta a 1637 cewa kofi ɗaya yakan bi matakai 72 kafin ya kammala. Wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, wanda ya daɗe yana zirga-zirga a garin, ya bayyana irin wannan tsari a wasiƙunsa na 1712 da 1722. Mai dakan dutse daban, mai juya faifai daban, mai kankare baki daban. Ko a wajen zane, wani yakan ja layi, wani ya cike launi. Shi ya sa kayan fada suke ɗauke da sunan zamanin sarki a gindinsu, ba a sa sunan magini. Tsarin bai mutu ba: a 2010 mai fasaha Ai Weiwei ya baje 'ya'yan fure na tangaran miliyan 100 a gidan baje kolin fasaha na Tate Modern, kuma ma'aikatan Jingdezhen kimanin 1,600 ne suka yi su.

Shi kuwa baƙo yakan zo da tunanin gwani guda, mai zama shi kaɗai yana ƙirƙira, kuma kasuwa tana ba shi abin da ya zo nema. Bayan rushewar masana'antun gwamnati a shekarun 1990, an mayar da ɗaya daga cikinsu unguwar shaguna da zaurukan baje koli mai suna Taoxichuan, wadda aka buɗe a 2016. A irin waɗannan wurare ake zaunar da baƙo gaban faifai na awa ɗaya ko biyu, ya fitar da wani abu mai kama da kwano. Bayan ya tafi, wani ya daidaita masa, wani ya tsoma a ruwan sheƙi, wani ya gasa, a aika masa gida. Yana alfahari da aikin hannunsa, alhali hannuwa huɗu ko biyar ne suka rufa masa asiri. Ya shiga tsohon tsarin garin tsundum, bai sani ba.

Illar ita ce yabo da kuɗi suna karkata ga abin da ya yi kyau a hoto, wato faifai da alƙalamin zane. Mai haɗa yumɓu da mai kula da tanderu, waɗanda kuskurensu kaɗan yake lalata aikin wata guda, ba a tambayar sunansu. Sai dai adalci ya sa a faɗa: kuɗin baƙi da matasan da suka ƙaura zuwa garin, waɗanda ake kira jingpiao, su ne suka sake hura wutar tanderu da yawa bayan ta yi sanyi.

Don haka laifin ba na gajartar tafiya ba ne, na inda ake kai ido ne. Wanda ya je, ya leƙa kwarin Sanbao inda ruwa yake juya taɓaren dakan dutse. Ya shiga gidan tarihin tanderun fada, ya ga kayan da aka farfasa da gangan saboda ba su kai matsayin sarki ba. Sannan kafin ya biya kuɗin kofi, ya tambayi mai shago hannu nawa ya ratsa, kuma su wane ne.