Bango mai huji: makarantun Fry da Drew a Gana

Daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa tsakiyar shekarun 1950, wasu Turawan Ingila masu zanen gini, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, sun zana makarantun kwana da dama a ƙasar da ake kira Gana a yau. Daga cikinsu akwai Wesley Girls a Cape Coast, da makarantar 'yan mata ta Aburi, da Prempeh College a Kumasi. Wasu a kan tudu aka dasa su, inda iska ke kaɗawa.

Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Ginin dogo ne siriri, faɗinsa ɗaki ɗaya, an juya ƙuƙumman gefensa gabas da yamma don kada rana ta daki dogon bango. Ga baranda, ga bulo na siminti mai huji-huji wanda ke tare rana ya bar iska ta ratsa. A ƙasa mai laima da zufa, yaro zai iya zaman aji da tsakar rana ba tare da fanka ba. Wannan kam sun yi abin a yaba.

Inda magana take shi ne tsarin harabar. A Wesley Girls, an jera ɗakunan kwana da azuzuwa dama da hagu, sun sa hanya a tsakiya, hanyar kuma ta miƙe sai ga majami'a. Duk inda ɗaliba ta tsaya, ta san wanda ke da makarantar. Gidan mutanen Asante kuwa, kamar gidan Bahaushe, tsakar gida yake kewayewa, a nan ake girki da hira da renon yara. Fry da Drew sun ɗauki siffar kujerar sarautar Asante sun zuba ta a jikin bulon baranda, amma tsarin zaman gidan sun bar shi a waje. Ado suka ara, kuma ado shi ne mafi arha cikin abin da ake ara.

Littafinsu na 1956 ma yankin laima kaɗai ya duba. Sai a na 1964 suka haɗa da busasshen yanki. Bangon da ke sanyaya aji a Aburi, in an kai shi Tamale ko Damagaram, ƙurar hunturu zai riƙa tacewa a kan littattafan yara.