Masu Ƙin Jefar da Tsohuwar Kwamfuta

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar, kowace ta kunnu washegari kamar yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da ake aikowa kyauta, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Wanda kuwa ya nufi Windows 11 sai ya tarar da sharuɗɗa a bakin ƙofa: ram giga 4, ma'ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa wanda in na Intel ne, to ya kasance zubi na takwas ko sama, wato na wajejen 2017 zuwa yau. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen cewa kwamfuta kusan miliyan 240 na iya komawa shara saboda wannan mataki, alhali da yawansu lafiyarsu ƙalau.

Akwai wasu mutane, galibi a Turai da Amurka, da ba su yarda kamfani ya yanke wa na'urarsu wa'adi ba. Ba da wannan suke ci ba, sha'awa ce kawai da suke ba ta daren Juma'a da ranakun hutu. Al'adarsu ta girmi Windows 10 nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya bibiyi ayyukansu zai ga gida biyu ne masu buri daban.

Gida na farko na masu adana tarihi ne. Su ne ke riƙe da Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982, da Amiga da ta fito a 1985. Aikinsu na ceto ne daga abin da shekaru ke yi wa kayan lantarki. A wasu nau'ukan Amiga akwai ɗan batir mai kama da ganga da aka like a jikin bod domin riƙe agogo; in ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cinye su, ya bar wani tsatsa kore-kore. Mai sha'awa zai yanke batirin, ya wanke wurin, ya bi hanyoyin da suka katse ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya da dalma. Wannan gida ba ya fama da zaɓen babbar manhaja, domin na'urar da manhajarta tare aka haife su, ko da yake a 2021 an fitar da AmigaOS 3.2 ga injinan da suka haura shekara talatin. Ina girmama haƙurinsu, amma aikinsu ya fi kusa da na gidan tarihi, kuma farashin kayan da suke nema kullum hawa yake yi.

Gida na biyu ne ya fi jan hankalina, domin su so suke tsohuwar kwamfuta ta ci gaba da aikin yau da gobe. Abin ƙaunarsu shi ne ThinkPad, laftof ɗin da IBM ta soma ƙerawa a 1992 kafin ta sayar wa Lenovo sashen a 2005. Dalilin ƙaunar a fili yake in ka kifa T420 ko X220 na 2011 a kan tebur. Kusa ɗaya ko biyu za ka kwance ka isa wurin ram. Kusa ɗaya ke riƙe da murfin faifan ajiya. Batir kuwa da yatsa ake zame shi. Kamfanin da kansa ya wallafa littafin gyara mai nuna kowace kusa da inda take. Mai sha'awa yakan cire tsohon faifai mai juyawa ya sa SSD, ya ƙara ram zuwa giga 8, ya buɗe fanka ya fitar da ƙurar da ta dunƙule ta toshe iska, ya kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya shafa sabo. Injin da ke ɗaukar mintuna kafin ya farka sai ya koma tashi cikin daƙiƙu. Da yawa daga cikin laftof na yanzu an like musu ram da dalma, an manne batir da gam, don haka wannan gyara na awa guda ba ya yiwuwa a kansu.

Gyaran ƙarfe shi ne mai sauƙi. Gardamar gidan duk tana kan babbar manhajar da za a ɗora.

Wasu sukan ce a bar injin da Windows ɗin da ya saba da ita. Hujjarsu tana da ƙarfi: Windows XP ta fito a 2001 tana iya tashi da ram megabait 64, kuma akwai firintoci da na'urorin ɗab'i da na ɗakin gwaje-gwaje da ba su san wata manhaja ba sai ita. Matsalar ita ce an daina toshe mata ɓaraka tun 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata kafa a Windows ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila, har Microsoft ta fitar wa XP gyaran gaggawa bayan ta riga ta sallame ta. Masu hankali a cikinsu sun tsaya a kan ƙa'ida guda: tsohuwar manhaja tana nan daram muddin ba a haɗa ta da intanet ba. Marubucin nan George R. R. Martin ya faɗa a 2014 cewa yana rubuta littattafansa da WordStar 4.0 a kan injin DOS da ba ya hawa intanet. Irin wannan buƙata ce ta raya FreeDOS, wadda Jim Hall ya soma a 1994 lokacin da aka ga Microsoft na shirin juya wa DOS baya.

Mafi yawa dai Linux suke komawa. Linus Torvalds ya soma ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma tunda kowa na da iznin ɗauka ya gyara ya raba, sai ta yi rassa masu yawa. Injin da ke da ram giga 4 ko fiye akan ba shi Linux Mint, wadda fuskarta ba ta baƙunci wanda ya saba da Windows 7. In ya gaza haka sai a nemi mai fuska marar nauyi irin Xfce ko LXQt. Can ƙasa akwai antiX, da Puppy Linux da Barry Kauler ya soma a Ostareliya a 2003, wadda ke loda kanta gaba ɗaya cikin ram ta yi aiki ko da faifan ajiya ya lalace. Abin da na fi yaba musu a nan shi ne gwaji kafin ɗorawa. Ana zuba manhajar a filash, a tayar da injin daga gare ta, a duba ko sauti na fita, ko waya-fai ya kama, ko firinta ta amsa, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya na mai kwamfutar ba. In ba ta yi ba a zare filash, komai ya koma yadda yake. Wannan tarbiyya ce ta mutunta kayan mutum, kuma ita ce ta sa taron gyara irin Repair Café, wanda Martine Postma ta fara a Amsterdam a 2009, ya iya karɓar aikin kwamfuta ba tare da jefa baƙi cikin asara ba.

Sai dai gidan yana da zuƙi-ta-malle. Sau da yawa za ka ji an ce Linux na mayar da kowace tsohuwa yarinya, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Babbar manhaja na iya zama marar nauyi, amma shafukan intanet na yau ba su san wannan ba. Kwamfutar 2006 mai ram giga 1 za ta tashi da antiX cikin walwala, ta buɗe takarda, ta kunna karatu ko waƙa. Da ka buɗe burauza da shafi uku na Facebook da YouTube sai ta durƙushe. Intanet ce ke tsufar da kwamfuta fiye da kowane kamfani, kuma babu manhajar da ke da maganin wannan. Haka nan mai aikin da ya dogara da CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu zanen katin biki da kalanda, ba a kyauta masa ba in aka ce masa akwai madadinsu kyauta aka yi shiru a kan watannin da zai ɓata yana koyo, da fayilolin abokan ciniki da ba za su buɗe daidai ba.

Su ma 'yan sa-kai masu kula da Linux suna gajiya. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993 kuma rassa da dama suka tsiro daga gare ta, ta fitar da zubi na 13 a Agustan 2025 ba tare da hanyar ɗora shi a kan kwamfutocin PC masu bit 32 ba. Ubuntu ta riga ta yin haka da shekaru. Bambancin da ke akwai tsakaninsu da Microsoft, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne an yi shawarar a bainar jama'a, an faɗi dalili, an kuma bar ƙofa ga duk mai iya ci gaba da aikin. Akwai kuma lissafin wuta, wanda masu kishin muhalli a cikinsu kan tsallake. Wasu furosesan Pentium 4 su kaɗai suna cin sama da wat 100, alhali ƙaramar Raspberry Pi, da ta fito a 2012 a kan dala 35, wat kaɗan take sha. Riƙe irin wannan injin a kunne dare da rana ba tattali ba ne. A ganina wanda ya ƙware a wannan al'ada shi ne mai fara tambayar aikin da ake so injin ya yi kafin ya ambaci sunan kowace manhaja, kuma yana iya cewa wannan kam ta gama, a cire mata abin da zai amfani wata.

Abin da Bature ke yi don sha'awa, mu larura ce ta sa mu yinsa. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallama su ne ke sauka a Computer Village ta Ikeja, su hauro Arewa a matsayin tokumbo, su shiga hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu. Injinan da Windows 11 ta ƙi, masu furosesa zubi na shida da na bakwai, ingantattu ne, kuma wannan hanyar za su biyo. Masu gyaranmu ba su da na biyu wajen aikin hannu. Na ga yaro ya ɗaga guntun da bai kai ƙwayar gero ba daga bod ya mayar da wani. Amma in aka zo ɗora manhaja, amsa ɗaya ce a kusan kowane shago: Windows da aka fasa, a kashe mata sabuntawa don kada ta cinye data, a miƙa wa mai ita. Da wannan injin zai shiga asusun bankinsa, ya cike fom ɗin jarrabawa.

Ba ƙarfin hannu muka rasa ba. Abin da masu sha'awar can suka tara, mu ba mu tara ba, shi ne rubutaccen sani: wane injin ke karɓar ram nawa, wace manhaja ke kama waya-fai ɗinsa, wace cuta aka san shi da ita. Duk wannan yana nan kyauta, amma da Turanci, kuma an rubuta shi ne ga mai wuta awa ashirin da huɗu da intanet marar iyaka. Babu wanda zai rubuta mana wace manhaja ce ta fi jimirin ɗaukewar wuta, ko yadda shago guda zai sauke ta sau ɗaya ya ɗora wa injin hamsin daga filash guda, sai mu. Ɗan abin da ya shafi harshenmu ma yana ciki tuni: a jerin madannan Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya da na Gana, kuma suna aiki a kan ThinkPad ɗin 2011 kamar yadda suke yi a kan sabuwa fil.