Fuskar Bahaushe a Zanen Ɗigo-ɗigo

Duk wanda ya taɓa riƙe Nokia 3310 a Karkarna ko a kasuwar Kazaure ya ga zanen ɗigo-ɗigo, ko da bai san sunansa ba. Fuskar wayar nan ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye, kuma da su aka ƙera macijin da yara ke kora har batir ya ƙare. Kowane ɗigo, wato fiksel, ɗan gida ne mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar launi ɗaya tak. Mai wannan sana'a da hannu yake cike gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Ƙuncin na'ura ne ya haifi salon. A 1981, da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya zana mutumin wasan Donkey Kong, wanda daga baya aka sa wa suna Mario, gidajen da yake da su ba su isa a fitar da gashi da baki ba. Sai ya ɗora masa hula, ya yi masa gashin baki. Na'urar wasa ta Game Boy ta 1989 kuwa launi huɗu kacal take nunawa. Yau na'ura ta wadata, amma masu zane sun riƙe ƙuncin da gangan, domin shi ke tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ya zama dole.

Idon mutanenmu ya saba da irin wannan lissafi. Matar da ke ɗinkin hula a Roni ko Gwiwa ta san layin da ya lanƙwasa daga nesa, idan an matso, tsani ne na ƙananan ɗinki. Sai dai adon hula shimfiɗaɗɗe ne, shi kuwa kan mutum yana da tudu da kwari, kuma haske da inuwa ne ke fito da su.

A nan aikin yake. Mai zane zai fara da siffar ƙoƙon kai da launi ɗaya, ya sa idanu a tsakiyar kai, domin ɗan koyo yakan ɗaga su sama har goshi ya ɓace. Sannan ya yanke shawarar inda haske ke fitowa, ya tsaya a kai. Idan daga hagu ta sama ne, goshi da karan hanci da kumatun hagu su ɗauki haske, inuwa ta kwanta ƙarƙashin gira da hanci da haɓa. Babban kuskure shi ne a zagaye gefen fuska da duhu a bar haske a tsakiya. Kan zai fito a kumbure, babu ƙashi a cikinsa. Launi uku ko huɗu sun isa fata. Ɗigo guda da aka gusar a gefen baki yana iya mayar da murmushi ɓacin rai.

Abin da ke damuna shi ne yawancin darussan intanet a kan farar fata aka gina su. Matashi ya kwaikwaya, ya zo zana ɗan'uwansa, sai ya yi ta ƙara baƙi a kan ruwan ƙasa har ido da hanci su nutse. Baƙar fata da haskenta ake zana ta: ƙyallin da ke sauka a goshi da kumatu da tsakar rana shi ke nuna siffar fuska. Inuwar kuma gara ta karkata zuwa ja mai duhu ko shuni. Sannan kanmu ba kasafai yake a buɗe ba. Hula tana jefa inuwa a saman goshi, ɗaurin kallabi yana canza siffar kai gaba ɗaya, rawani yana rufe haɓa, tsagar gado kuma ɗigo biyu ko uku sun fito da ita.

Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da na makarantar Informatics a Kazaure ba sa bukatar na'ura mai tsada kafin su fara. Littafin lissafi mai gida-gida da fensir sun isa. Ku zauna gaban dattijon gidanku da hantsi, ku lura da inda rana ke sauka a fuskarsa, ku zana shi da hularsa.